Uban Kailu da Muƙamuƙin Jaki

Gwaggo Habsa ce ta fara ba ni labarin nan, Allah ya ji ƙanta, wata rana muna sussuka a bayan gida ina 'yar budurwa. Mutumin da abin ya faru da shi ƙanenta ne, ciki ɗaya. Ta hana ni faɗin sunansa, wai kada jikokinsa su ji kunya. Na ga jikokin. Ba su yi mini kama da masu jin kunya ba. Amma amana amana ce.

Wani ne a wani gari na ƙasar Kurfai, can tsakanin Filinge da Bonkuku, a shekarun da Anasara sunka kusa naɗe tabarmarsu. Kun san Kurfai da aikin soja. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda ya je yaƙin Anasara ya komo da ɗan ƙarfe yana reto a ƙirji ba. Shi ma wannan ya je Filinge ranar ɗaukar soja. Likita ya ɗora shi bisa ma'auni. Ya dubi allura, ya ɗan bubbuga ma'aunin don ya zaci ya lalace. Ya sake dubawa. Sai ya ce a sauke shi, bindiga ta fi shi nauyi.

Tun daga ranar abin ya tsaya masa kamar ƙashin kifi a maƙogwaro.

Tsofaffin soja na da gindin gawonsu a bakin kasuwa, da tabarmarsu. Babbansu Sarsan Manzo ne, wato saje, mai gashin baki kamar ƙahon rago. Manzo in bai samu wanda zai yi wa shaƙiyanci ba, ranar hura ba ta shiga masa. Mutumin namu kullum yana can. Ba bisa tabarma ba, a gefe, cikin rairayi. Shi ake aike ɗebo wuta. Shi ake aike korar awaki. In ya sa baki a hira, sai Manzo ya shafa lambobin ƙirjinsa ya ce:

"Kai, bari manya su yi magana. Gidanku ko murfin gwangwani an taɓa rataya ma wani?"

Sai ya haɗiye. Burinsa ɗaya ne a duniya, a wayi gari a ce gidansu ma akwai lambar girma, ya hau tabarmar nan ya miƙe ƙafa.

Yana da ɗa guda, Kailu. Uwar ta rasu yaron yana goye, Habsa ce ta raine shi, ta tauna ta ba shi. Yaro ne shiru-shiru mai manyan idanu, ga kai. Shekarar da ya yi famfara anka zo ɗaukar yara lakkwal, makarantar Anasara. Mutane na ta ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu, wasu na tura nasu ruga. Shi kuwa ya kama hannun Kailu ya kai shi da kansa, don ya ji an ce daga lakkwal mutum na zama babban soja ba sai ya hau ma'auni ba.

Lakkwal ɗin ɗaki biyu ne na laka. Ɗakin ƙanana na hannun wani malami ɗan ƙasar Dahome, dogo mai farin wando. Mushe ake kiran shi, yadda muke kiran duk malamin lakkwal. Hausarsa ba ta wuce "zo" da "tahi" da "ruwa" ba. Da safe ya ɗaga ƙwarya ya ce, "Kes-ke-se?" Yara su amsa da ƙarfi, "Se tin kalbas!" Ya ɗaga tsintsiya ya ce, "Kes-ke-se?" Rabinsu su sake cewa, "Se tin kalbas!" Daga nan kowa ya ɗauki ɗan baƙin allonsa da alli, a yi ta zana sanda da ɗigo a kai, wai "i", da zagaye kamar bakin tulu, wai "o".

Kuma akwai doka. Ba a Hausa, ba a Zabarmanci, ba a Fulatanci, ba a Buzanci. Faransanci kaɗai. Ku duba fa, yaran da jiya-jiya anka yaye! Don a tsare dokar, Mushe ya samo muƙamuƙin jaki, da haƙoransa da komai, ya huda ya zura igiya. Sambol suke kiran shi. Duk yaron da harshen uwarsa ya suɓuce masa, a rataya masa. Shi kuma ya yi ta kasa kunne, in ya ji wani ya yi, ya cire ya sa masa. Wanda anka buga ƙarfen tashi abin na wuyansa, shi ke shan bulala, kuma da shi zai tafi gida, gari duk ya gani.

Wata rana da maraice sai ga Kailu ya shigo gida, muƙamuƙi na dukan cibiyarsa, idanu jajur. Uban na gyaran ƙotar hauya. Ya ɗaga kai.

"Kai! Minene wanga a wuyanka?"

Kailu ya saci kallon darni. 'Yan ajinsu biyu na laɓe a baya, kunne a tsaye, don Mushe ya ce doka na bin yaro har gindin murhu, kuma mai sambol in ya ƙara Hausa gobe a ƙara masa bulala. Yaro ya haɗiye yawu.

"Sambol."

"Wa ya ba ka?"

"Mushe."

"Ku nawa anka ba?"

Kailu ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Kai ɗai? Duk lakkwal?"

"Wi."

Mutumin ya jefar da hauya. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Allahu akbar! Yaya Habsa! Hito ki gani! Ko damina bai yi da shiga ba, har an rataya mai!"

Habsa ta fito da muciya a hannu. Ta duba sau ɗaya.

"Ƙashin jaki ne."

"Ke mi kinka sani ga al'amarin Anasara?"

"Anasara ban sani ba. Jaki na sani. Ga haƙoransa nan."

"Ƙarfe na manya ne, Yaya. Yara da ƙashi ake hwara musu."

Ya saɓa yaro a kafaɗa, sai gindin gawo. Yana tafe yana ce wa mutane su kauce. Manzo ya hango su tun daga nesa. Jikansa ma na lakkwal, ya san sambol sarai, ya san abin da ke bin bayansa. Ya taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. Yana tashi, duk sunka tashi, sunka ƙame, sunka sara wa yaro.

Manzo ya juya ƙashin a hannu yana girgiza kai.

"Kai, kai, kai. Wanga ko can ƙetaren teku ban ga irinai ba. Dubi nawa, ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar gujiya. Kuma sai da na kwana cikin laka shekara da shekaru. Na ɗanka ya kai kamu guda!"

Baki ya ƙi rufuwa wa mutumin. Ya ɗaga ƙafa zai taka tabarma. Manzo ya tare shi da sanda.

"Sannu dai. Irin wagga lamba yawo take yi. Yau gidanka, gobe gidan wani. In ta zauna gidanka har kasuwa mai zuwa, to ta tabbata taku ce. Ranar sai mu matsa maka."

A hanyar gida ya sauke Kailu, ya riƙe shi a kunne.

"Ka ji da kunnenka. Duk ranar da ka shigo gidan nan ba ta wuyanka, ka koma ka kwana wurin Mushe."

To, ga yaro da wahala. Kailu shi ne na farko a ajin da ya raba tsintsiya da ƙwarya. "O" ɗinsa kamar an kifa ƙoƙo an zana. Wuni guda ba ya kuskure, ƙashi na can yana yawo wuyan wasu. Amma da inuwa ta kai bakin ƙofa, Mushe ya fara duban ƙarfen tashi, sai Kailu ya miƙe tsaye, ya runtse ido, ya ce da Hausa tsantsa, da ƙarfi:

"Ina jin yunwa!"

Mai ƙashi ya rugo da murna ya rataya masa. A buga ƙarfe. A buga Kailu. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Mushe ya rasa gane kan yaron nan. Har tambaya ya sa anka yi ko yana da iska.

Habsa ce ta gani, ranar da ta tuɓe shi za ta yi masa wanka. Baya duk sawu, kamar gonar da anka yi wa huɗa. Ta ja shi ɗakinta, ta saki asabari, ta ce ya faɗa mata a kunne, darni ba ya ji. Ya faɗa mata duka. Ta shafa masa man shanu. Sannan ta fito.

"Kai, taho nan. Dubi bayan ɗanka."

Ya leƙa.

"Horo ne. Soja ma haka ake musu."

"Ƙashin nan na mai laifi ne! Wanda ya yi Hausa ake rataya ma, a kuma duke shi."

"Ji wata magana! Duk garin ga wa ba ya Hausa? Liman na yi. Maigari na yi. Ke kanki tun da asuba kike yi. Don mi ba a rataya muku ba?"

Habsa ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Ranar da anka raba hankali, kai kana can kana ɗebo ma Manzo wuta."

"Hassada ce. Gida in zai ɗaukaka, daga cikinai ake hwara jifa."

Kasuwa ta matso, saura jibi. Ranar ma Kailu ya miƙe ya yi Hausarsa, anka rataya masa. Mushe ya ɗauki guduma zai buga ƙarfe ke nan, sai ga garken shanu ya ratso ta bayan taga. A ajin akwai wani ɗan Fulani, Yero, da anka kamo daga ruga. Yana hango saniyarsa a ciki, ya manta da Mushe, ya manta da Faransa, ya ƙwala mata kira da Fulatanci. Saniya ta amsa. Doka doka ce. Ƙashi ya koma wuyan Yero, bulala ta bi shi.

Kailu ya taho gida yana ɗan tsalle, baya lafiya lau. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tuna. Ya tsaya kamar an kafa shi.

Uban ya dubi wuya. Wayam.

"Ina take?"

"Yero."

"Ɗan Gidaɗo? Sun ƙwace? Rana tsaka?"

Bai ko sa takalmi ba, sai ruga. Ya tarar da Gidaɗo yana ɗaure maruƙa, ransa a ɓace. Muƙamuƙin na can rataye bisa ƙayar shinge, da tsinin sanda anka ɗora shi, don ba wanda ya yarda ya taɓa.

"Salamu alaikum. Ba zama ya kawo ni ba. Ku ba ni abin gidanmu."

"Wane abu?"

"Ka san shi. Ga shi can ka rataye sama don kowa ya gani."

Gidaɗo ya waiga.

"Wancan ƙazantar?"

"Ƙazanta! Haka kuke, Hilani. In kuna son abu sai ku kushe shi. Shanu ba su ishe ku ba, sai kun haɗa da girman mutane?"

Gidaɗo ya aje igiyar maruƙa. Ya dubi ƙashi, ya dubi mutum, ya dubi matarsa da ke tatsa. Bafulatani ba a nuna masa kasuwa sau biyu. Ya gyara malfa, ya sassauta murya.

"Af. To ai yaron ya sha wuya kafin ya same shi. Ba ka ga bayansa ba? Uwarsa ma ta saba da abin. In na ba ka haka nan, mi zan ce mata?"

"Mi kake so?"

"Ni? Ba ni son komi. Sai dai yaron ya daɗe yana sha'awar akuya."

Akuya ɗaya ce a gidan, ja mai ciki, kuma ta Habsa ce. Habsa na wurin rijiya. Kafin ta komo, akuya ta koma ruga, muƙamuƙi ya komo gida. Ta aje tulu, ta dubi turke, ta dubi wuyan Kailu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da ni shirun da ta yi ranar, ita kanta ya ba ta tsoro.

Shi kuwa hankalinsa na wani wuri.

"Gobe da ni za a tahi lakkwal. In hwaɗa ma Mushe ya bar raba abin ga kowane ɗan kiwo. Kwana ɗaya ya rage, ba za a yi mini sakiyar da ba ruwa ba."

Da safe ya sa rigar sallarsa, ya ɗaura rawani wanda ya fi kansa girma, ya tasa Kailu gaba. Sun tarar an shiga aji. Mushe na riƙe da ƙwarya sama. Mutumin ya tura kai ya buɗe murya kamar mai shela:

"Salamu alaikum! Ina kwananku? Ina maigidan wurin?"

Idanu duk sunka koma kan Kailu. Na kusa da shi ya zungure shi. Na bayansa ya raɗa masa, "Hausa! Hausa!" Yaro ya dubi Mushe, ya dubi ubansa. Doka ba ta ce ban da uba ba. Ya cire igiya, ya yi ɗage, ya rataya wa ubansa. Bai ma sha wuyar ɗagen ba.

Mutumin ya dafe ƙirji. Hawaye ya cika masa ido.

"Ni? Ni da kaina? Daga sallama?"

Yara sunka fashe. Mushe ya buga tebur, ya yi ta Faransanci yana nuna ƙofa. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai yana "Amin, amin," don ya ɗauka kirari ake masa. Da Mushe ya gaji, ya aika ɗakin manya anka kira wani ƙaton yaro, Garba, ya yi tafinta. Garba ya zo ya ga ƙashi, ya kama bakinsa da hannu biyu. Sai da Mushe ya rantse masa cewa Hausar tafinta ba ta cikin lissafi.

"Baba, Mushe ya ce ka cire ka fita."

"Ka ce mai kyauta ba ta komawa."

Garba ya juya. Mushe ya amsa.

"Ya ce abin na 'yan aji ne."

"To ni ma ɗan aji ne. Ina wurin zamana?"

Mushe ya dube shi, ya ja dogon numfashi ta hanci. Ya ce, "Bon." Ya nuna masa bencin baya, ya sa anka ba shi allo da alli. Mutumin ya zauna tsakanin 'yan famfara biyu, ƙafafunsu duka na reto. Ya shinshina allin, ya gutsura, ya ce kanwar Anasara ba ta da gishiri. Anka ce a zana "i". Ya zana sanda tun daga saman allo har ƙasa, ya rasa inda zai sa ɗigo, ya ɗiga a goshin na kusa da shi. Anka ce a zana "o". Nasa ya fito kamar tulun da jaki ya taka.

"Na wa ya hi girma?" ya tambayi yaran. "Ku duba da kyau."

Can sai wata 'yar ƙarama, A'isha, ta matsu. Ta nemi kalmar Faransanci ta rasa. Ta ce da Hausa:

"Mushe, fitsari!"

Mushe ya nuna ta, ya nuna wuyan mutumin. "Sambol!"

Mutumin ya rungume ƙashi da hannu biyu.

"Wagga? Wallahi ba ta isa ba. Ɗiyar wa ce ma? Ni akuya na bayar!"

Yara ba su da karatu tukuna, amma ba wawaye ba ne. Nan take sunka gane. Yau ƙashi ya samu wuyan da ba ya barin shi. Wani ya gwada ƙasa-ƙasa, "Ba ni allina." Shiru, ba abin da ya same shi. Wani ya ɗaga murya, "Kai ne ka sace!" Ba abin da ya same shi. Sai aji ya ɓalle kamar an buɗe wa tumaki ƙofa. Hausa nan, Zabarmanci can. Yero na ba da labarin akuya da Fulatanci. Akwai wani ɗan Buzu na Imanan da tun da anka kawo shi bai taɓa buɗe baki ba, har an ɗauka bebe ne. Ranar ya hau benci ya rera waƙar raƙumi tun daga kai har wutsiya. Wayyo, 'ya'yan mutane. Ashe magana ce cike da cikinsu.

Mushe na ta ihu, "Silans! Sambol! Sambol!" Duk wanda ya nuna, mutumin ya ƙara ƙanƙame ƙashi ya ce:

"Shi ma bai isa ba."

Haka anka wuni. Ƙwarya da tsintsiya ba wanda ya ko dube su. Farin wandon Mushe ya jiƙe da gumi har gwiwa.

Da inuwa ta kai bakin ƙofa, Mushe ya buga ƙarfe da ƙarfin da bai taɓa ba. Ya kira Garba. Wannan karon a hankali ya yi magana, yana murza bulala a hannu.

"Baba, Mushe ya ce don girman Allah ka cire, ka aje bisa tebur, ka tahi gida lahiya. In ka ƙi, to za a yi maka abin da ake yi ma mai shi."

"Ai shi na zo nema! Ka ce mai kada a rage mini komi."

"Baba, ka san abin kuwa?"

"Kai yaro, ka hwaɗi abin da anka aike ka. Ka ce mai abin da ake ma yara a ninka mini. Ni babba ne."

Garba ya juya magana. Mushe ya sa ya maimaita. Ya maimaita. Mushe ya ɗaga kafaɗa, ya kira ƙattin yara huɗu daga ɗakin manya. A lakkwal haka ake yi, biyu su kama hannu, biyu su kama ƙafa, a ɗaga mutum sama, baya na duban rufi. Sunka ɗauke shi kamar buhun ƙaiƙayi. Rawani ya faɗi. Shi kuwa sai washe baki yake.

"Kun gani? Ɗauka ma ake yi! Kailu, ruga ka kira Manzo ya ga ubanka!"

Ba sai an kira kowa ba. Masu kafa rumfunan kasuwar gobe sun ji hayaniya, sun cika taga.

Tsal!

Bulala ta sauka a bayan mutumin. Ya ɗauka kuskure ne.

Tsal!

"Wayyo Allah! Wayyo Yaya Habsa!"

Yara sunka haɗa baki, "Hausa, Mushe! Hausa!"

Mushe ya gyaɗa kai, ya ƙara.

"Na tuba! Na bi Allah na bi ka!"

"Hausa, Mushe!"

Ya ƙara.

Kailu ya kasa jurewa. Ɗa ɗa ne, ko uban wane iri ne. Ya tsuguna kusa da kunnen ubansa, yana hawaye.

"Baba, yi kuka da Faransanci! In kana yi da Hausa ba ta ƙarewa!"

Mutumin ya lalubi cikin kansa. Wuni guda a lakkwal, abu ɗaya ya shiga. Ya buɗe maƙogwaro har ana ji a rijiya:

"Se tin kalbas! Se tin kalbas, Mushe! Se tin kalbaaas!"

Bulala ta faɗi daga hannun Mushe. Ya dafa tebur, ya yi dariya har ya zauna ƙasa da farin wandonsa. Ƙattin nan huɗu sunka saki kayansu, tim. Da Mushe ya samu numfashi ya yi wa Garba magana yana share ido.

"Baba, ya ce ka tahi da shi. Ya bar maka har abada. Ya ce kada ya ƙara ganin ku, kai da ƙashin."

Mutumin ya tashi da ƙyar, ya lalubi rawani.

"Har abada ya ce? To. Ka gani, ba a banza ba."

Ya fito yana tafiya kamar kaza bisa rairayi mai zafi, ƙashi na reto, rabin gari na biye. Labari ya riga shi zuwa gindin gawo. Manzo na hango shi ya daka tsawa, tsofaffi sunka miƙe sunka ƙame, gashin bakin kowa na rawa.

"Ku matsa mai! Ku matsa ma babban mutum! Ba sai gobe ba, yau ma ta tabbata. Bisimilla, ga tabarma. Zauna!"

Ya dubi tabarmar nan da ya yi shekaru yana mafarki. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Ya miƙe da sauri.

"Na gode, Sarsan. Yau tsayuwa nike sha'awa."

"A'a, zauna mana! Ka miƙe ƙafa!"

"Bari dai." Ya dubi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, da tausayi, irin na wanda ya san sirri. "Ashe shi ya sa dukanku kuke ɗingishi. Ba ku taɓa hwaɗa mini ba."

Washegari da safe Habsa ta wanke wa Kailu fuska, ta dama masa hura, ta raka shi har bakin hanya, wuyansa fayau. Sannan ta ɗauki kwando ta nufi bayan gari, inda ake yar da dabbobin da sunka mutu. Ba ta daɗe ba ta komo. Ƙanen nata na kwance rub da ciki a ƙofar ɗaki, muƙamuƙi a wuya, yana nishi. Ta sauke kwando a gabansa. Ƙoƙon kan jaki ne guda, fari fat, da ramukan idanu, ta zura masa igiyar turken akuyarta.

"Tashi. Saƙo ne daga Mushe. Ya ce jiya ka yi ƙoƙari ƙwarai, an yi maka ƙarin girma."

Ya ɗaga kai. Ya daɗe yana duban shi, ido na ƙyalli. Ya miƙa hannu zai taɓa. Hannun ya tsaya a hanya, ya juya a hankali, ya koma ya dafa baya.

"Yaya, ki ce ma Mushe na gode. Amma ya dakata da ƙarin girman ga sai na iya zama."